Magani Ɗaya Suke Sha, Me Ya Sa Idon Maigidana Kaɗai Ya Koma Ruwan Ɗorawa?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a cikin garin Sakkwato, muna da 'ya'ya uku, ƙaramarsu shekararta biyu. An gwada maigidana da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, aka same su duka da tarin fuka, aka ɗora su a kan magani a mako guda, a cibiya ɗaya, kuma ƙwayar da suke sha iri ɗaya ce, adadi ɗaya. Yau mako biyar ke nan. Ƙanen ya murmure, tari ya lafa, har ya koma kasuwa. Shi kuwa maigidana tun mako na uku yake kukan tafin ƙafarsa na yi masa zafi da dare, sai tashin zuciya ya biyo baya, abinci ya fita ransa, yanzu kuma farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kwana huɗu ke nan da ya ajiye maganin. Inna, mahaifiyarsu, ta ce shawara ce kuma ba a kai ta asibiti, ta fara ba shi jiƙon rawaya. Na kuma ji tana faɗa wa ƙanwarta cewa da hannu a cikin abin, tunda magani ɗaya ba zai tayar da wani ya kwantar da wani ba, kuma na san ni ake nufi. Wani abokinsa ya ce ya riƙa shan rabin ƙwayoyin. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya ce ya karanta cewa abin a jini yake, gado ne. Malam, gaba kura baya sayaki: in ya sha maganin yana wahala, in ya bari tari na jiransa. Mene ne gaskiyar abin, kuma yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa, Sakkwato.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi.

Kafin in taɓa maganar gado ko maganar Inna, bari in fara da abin da ba ya jira. Mutumin da yake shan maganin tarin fuka, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, zuciyarsa na tashi, abinci ya fita ransa, dole ne a ɗebi jininsa a duba hantarsa a yau ɗin nan da kike karanta wannan amsa. Ku koma cibiyar da ta ɗora shi a kan maganin, ki faɗa musu da bakinki cewa idonsa ya canja launi, domin wannan kalma ita ce za ta sa su bar abin da suke yi su saurare ki. Idan ba su da ɗakin gwajin da zai auna aikin hanta, za su tura ku gaba, kuma a cikin gari akwai Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ki tafi da katin maganinsa, da kwalin ƙwayoyin da suka rage, da gorar jiƙon da Inna take ba shi, da duk wani maganin da ya saya a kemis cikin makonnin nan. Idan kuwa kika ga ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko dasashinsa na zubar da jini, ko amai ya ƙi tsayawa, to ko da tsakar dare ne a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa.

Ajiye maganin da ya yi bayan idonsa ya canja bai saɓa wa abin da likita zai umarce shi ba, domin matakin farko ke nan a irin wannan hali. Inda aka yi kuskure shi ne kwana huɗun da ya yi kwance a ɗaki ba wanda ya auna hantarsa, ba kuma wanda ya sanar da masu ba shi magani, alhali ƙwayar cutar tarin fuka tana nan da ranta a huhunsa tana samun sarari.

Ikon Allah, a harshenmu suna ɗaya muke kiran abin da kika zo nema a wurina da abin da Inna ta ce yana damun ɗanta. Inna ba ta yi kuskuren suna ba, abin da ta gani shawara ce. Sai dai shawara alama ce da cututtuka da yawa suke tarayya a cikinta. Akwai wani launi mai ruwan ɗorawa, likitoci na ce masa bilirubin, wanda ke fitowa daga ƙwayoyin jinin da suka tsufa suka mutu, kuma aikin hanta ne ta tace shi ta zuba cikin matsarmama ya fita ta hanji. Idan hanta ta kumbura ta gaza, sai launin ya taru a jini ya bayyana a farin ido, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Wannan duhun daban yake da jan da ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka ke sa fitsari da hawaye da gumi su yi, wanda ba ya cutarwa kuma na tabbata ƙanen maigidanki ma yana ganinsa. Game da jiƙon kuwa, ba sai mun yi gardama a kan darajar rawaya ba. Duk abin da mutum ya haɗiya, na asibiti ne ko na daji, ta hanta yake bi, kuma hantar da ta riga ta jigata hutu take buƙata. Haka nan idan gwaji ya nuna abin yana ƙaruwa, likita ba zai iya rarrabe laifin ƙwaya da na jiƙo ba muddin ana haɗa su. Saboda wannan dalili a dakatar da jiƙon, a kuma dakatar da farasitamol da duk maganin ciwon jiki na kemis har sai likita ya ba da izni.

Yanzu ga tambayarki ta ainihi. Ɗan yayarki ya karanta gaskiya, ko da yake bai kawo miki ita duka ba.

Ƙwayar da suke sha kowace safiya magani huɗu ne aka dunƙule wuri ɗaya: rifamfisin miligiram 150, isoniyazid 75, firazinamid 400, da etambutol 275. Ana shan huɗun tare wata biyu, sannan a ci gaba da rifamfisin da isoniyazid wata huɗu, jimla wata shida. Uku daga cikinsu na iya taɓa hanta, etambutol ne kaɗai ya fita daga wannan zargi, shi nasa haɗarin a kan ganin ido yake. Yawan ƙwayoyin da za a ba mutum da nauyinsa ake yanke shi, shi ya sa aka ɗora su a kan sikeli ranar farko. Isoniyazid, alal misali, ana lissafa kimanin miligiram 5 ne ga kowane kilo na nauyin babban mutum, ba a wuce 300 a yini. Tunda maigidanki da ƙanensa nauyinsu ya yi kusa, aka ba su adadi ɗaya, kuma ma'aikacin da ya yi haka ya bi ƙa'ida. Abin da sikeli ba ya iya gani shi ne saurin da hantar kowannensu take sarrafa abin da aka ba ta.

An fara amfani da isoniyazid a 1952, kuma ba a yi shekaru ba likitoci a Jamus da Amurka suka lura cewa marasa lafiya ba sa fitar da shi daga jiki da sauri ɗaya. A 1960 wasu masana uku, Evans da Manley da McKusick, suka wallafa binciken da ya warware abin. Sun ba mutum 267 daga iyalai 53 maganin daidai da nauyin kowa, bayan awa shida suka auna abin da ya saura a jininsu. Da ma ana zaton sakamakon zai taru a tsakiya, kamar yadda tsawon mutane yake, 'yan dogaye kaɗan, 'yan gajeru kaɗan, mafi yawa matsakaita. Sai mutanen suka rabu gida biyu a fili, wasu jininsu ya kusa wankewa, wasu kuwa maganin na nan da yawa. Da aka bi iyalan, iyaye da 'ya'ya, sai aka ga rabuwar tana bin tsarin gado sak. Daga baya aka gano mai aikin, wani sinadari ne da hanta ke ƙerawa, ana kiransa NAT2, wanda ke liƙa wa isoniyazid wani ɗan guntu da zai kashe kaifinsa ya sa ƙoda ta zubar da shi. Umarnin ƙera wannan sinadari yana rubuce a cikin ƙwayoyin gadon mutum, kuma rubutun ba iri ɗaya ba ne a wurin kowa. Na wasu yana ƙera sinadari mai ƙwazo, na wasu kuma yana ƙera mai rauni ko wanda ke lalacewa da wuri.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A jikin mai saurin sarrafawa, rabin maganin kan bar jini cikin kimanin awa ɗaya, a jikin mai jinkiri kuwa sai an kai kimanin awa uku. Ki lissafa da kanki. Idan su biyun suka sha da ƙarfe shida na safe, to kafin sha biyun rana na farkon ya raba maganin biyu har sau shida, abin da ya rage masa kusan kashi ɗaya ne cikin 64, shi kuwa na biyun sau biyu kawai ya raba, rubu'i guda yana nan yana zagaya jikinsa. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa ya san wannan. Bokiti ɗaya za ka zuba a jigawa ka zuba a laka irin ta fadamar Kwalkwalawa, kafin ka juya na jigawa ya tsotse, na laka kuwa yana kwance, kuma ruwan da ya kwanta shi ke neman wata hanya ya bi. Haka isoniyazid yake yi a hantar mai jinkiri. Da yake babbar hanyar ta yi masa ƙunci, kaso mai yawa nasa kan bi wata hanya ta biyu wadda ke haifar da wani abu mai suna haidirazin, shi kuwa guba ne ga ƙwayoyin hanta. Wani abin takaicin kuma, sinadarin NAT2 ɗin nan dai shi ne ke da alhakin kawar da wasu daga cikin ragowar masu cutarwa, saboda haka mai jinkiri ta fuska biyu yake shan wahala.

Sai maganar da ta tsaya wa Inna a rai, wato yadda ciki ɗaya zai fitar da hanta iri biyu. A nan abin da muka riga muka sani game da sikila zai taimake mu. Kowa a yau ya san cewa idan mai AS ya auri mai AS, a cikin 'ya'yansu za a iya samun AA, a samu AS, a samu SS, kuma ba wanda ke cewa an yi wa mai SS ɗin asiri. To, NAT2 ma haka yake tafiya. Kowane mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya samu masu ƙwazo biyu shi ne mai sauri, wanda ya samu masu rauni biyu shi ne mai jinkiri, wanda ya samu ɗaya-ɗaya yana tsakiya. Idan uba da uwa duka 'yan tsakiya ne, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai jinkiri, ɗaya cikin huɗu a haifi mai sauri, biyu cikin huɗu a haifi ɗan tsakiya. Ke nan wa da ƙane su sha nono ɗaya su tashi a tsakar gida ɗaya, hantar ɗaya na gudu ta ɗaya na tafiyar hawainiya, abu ne da lissafin gado ya tanada tun kafin a haife su, balle a yi maganar aurenki.

Inda misalin sikila ya tsaya shi ne, jinkirin sarrafa magani ba cuta ba ne. Mai shi zai iya rayuwa har tsufa bai taɓa sanin yana da shi ba, sai fa ranar da ya haɗu da ɗaya daga cikin 'yan magungunan da ke bin wannan hanya, irin su isoniyazid, da dafson na kuturta, da haidiralazin na hawan jini, da magungunan salfa. Kuma ba abu ne na ɗaiɗaikun mutane ba. Kusan rabin Turawa masu jinkiri ne. A Masar sun kai kusan takwas cikin goma, a Japan da Koriya kuwa ba su fi kusan ɗaya cikin goma ba. A Afirka ta kudu da Sahara adadin yana hawa da sauka daga al'umma zuwa al'umma, domin nahiyarmu ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado, har akwai wani nau'i na jinkiri mai lamba NAT2*14 da galibi a jikin 'yan Afirka da zuriyarsu ake samunsa. Ina ganin wannan babban dalili ne da ya sa ya kamata jami'o'inmu su auna mutanenmu da kansu, domin gwajin da aka tsara shi don Turai ko gabashin Asiya zai iya tsallake wannan nau'i ya kira mai jinkiri mai sauri. Abin da nake so ki riƙe dai shi ne, a layin karɓar magani na kowace cibiya akwai masu irin wannan hanta da yawa.

Sai dai kada ki ɗauki bayanin nan ki shiga asibiti kina cewa kin riga kin san abin da ke damunsa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna masu jinkiri sun fi sauran fuskantar raunin hanta da kusan ninki uku, amma duk da haka mafi yawansu suna gama wata shidansu lafiya lau. Akwai wasu abubuwan da ke iya kai mutum inda maigidanki yake, kuma wasunsu sun fi gado gaggawar a gano su. Firazinamid ya fi sauran ukun kaifi a kan hanta, kuma babu ruwansa da NAT2. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, binciken ƙasa na 2018 ya same shi a jikin kusan mutum takwas cikin kowane ɗari na manya, kuma da yawansu ba su san suna ɗauke da shi ba sai wani magani mai ƙarfi ya tone shi. Akwai cuta mai karya garkuwar jiki, akwai rama da ƙarancin abinci, akwai yawan shekaru, akwai giya, wadda likita zai yi tambaya a kanta ba don yana zargin kowa ba. Gwajin jini ne zai rarrabe waɗannan. Ki roƙa a yi masa na ciwon hanta nau'in B da C, da na sukari, kuma idan an yi masa na garkuwar jiki ranar da aka fara magani, kamar yadda ake yi wa kowane mai tarin fuka, a duba sakamakon a katinsa.

Zafin ƙafar da kika ambata shi ne ya sa na fi karkata ga zancen ɗan yayarki. Isoniyazid yana cinye bitamin B6 na jiki, jijiyoyi kuwa ba sa aiki sai da shi, shi ya sa ake jin zafi ko tsikari kamar na allura a tafin ƙafa, musamman da dare, wani lokaci ƙafar ta yi kamar ba ta mutum ba. Tun farkon tarihin maganin aka lura cewa masu jinkiri sun fi kamuwa da wannan. Maganinsa mai sauƙi ne kuma mai araha: ƙwayar firidoksin, wato bitamin B6 ɗin, miligiram 10 zuwa 25 a yini don rigakafi, idan kuma zafin ya riga ya fara likita kan ƙara adadin. Ba ki ce an ba shi ba, don haka ki tambaya. Amma ki sani firidoksin jijiya yake karewa, ba ya yi wa hanta komai, kada wani ya ce muku tunda an samu bitamin sai a koma kan maganin a gida.

Shawarar abokinsa ta shan rabi ita ce ta fi ba ni tsoro a duk wasiƙarki, domin tana kama da hankali. Akwai ma binciken da mai son kare ta zai iya jingina da shi. A 2013 an wallafa wani gwaji da aka yi a Japan da marasa lafiya 172, inda aka fara duba NAT2 na kowa, sannan a rukuni ɗaya aka ba masu jinkiri rabin adadin isoniyazid, 'yan tsakiya aka bar su a kan adadin da aka saba, masu sauri aka ƙara musu rabi. Masu jinkirin da aka rage wa ba wanda hantarsa ta taɓu, alhali takwarorinsu da aka ba cikakken adadi yawancinsu sun samu rauni, ko da yake masu jinkirin 'yan ƙalilan ne tunda a Japan aka yi. To amma ki dubi abin da suka yi da kyau. Sun gwada jini tukuna, sannan isoniyazid kaɗai suka rage, sauran ukun suka bar su cif. Wanda ya raba ƙwayar maigidanki biyu ya rage duka huɗun ne a lokaci ɗaya, har da rifamfisin wanda shi ne ƙashin bayan maganin. Sakamakon haka shi ne hanta ta ci gaba da shan abin da ke cutar da ita, ƙwayar cutar kuma ta samu adadin da bai isa ya kashe ta ba amma ya isa ya koya mata jure magani. Tarin fukan da ya bijire wa magani jinyarsa ta fi wannan wuya nesa ba kusa ba, kuma shi za a ɗauka a cikin gida. Har yanzu ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa a kan nauyi suke, gwajin NAT2 bai shiga aikin yau da kullum na cibiyoyinmu ba. Na'urar GeneXpert da aka gwada kakinsu da ita, wadda hukumar ta amince da ita tun 2010, gadon ƙwayar cutar take karantawa don ta ga ko tana jin rifamfisin, ba ta karanta na mara lafiya. Tunda haka ne, abin da ya tsaya a madadin wancan gwaji a wurinmu shi ne idon mai jinya da gwajin hanta a kan kari, kuma idonki ya riga ya yi nasa aikin.

Ga abin da za ki tarar a asibiti, don kada ya zo miki a baƙo. Za a auna sinadaran da ke tsiyayowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni, musamman wanda ake rubutawa ALT, tare da bilirubin. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a tsayar da magani idan ALT ya ninka iyakarsa sau uku ga mai alamu irin na maigidanki, ko sau biyar ga wanda ba ya jin komai. Za a jira hanta ta huce, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni, ana maimaita gwajin. Idan tarin ya yi tsanani har ba za a iya barinsa haka ba, akwai magungunan riƙon ƙwarya da ba su cika taɓa hanta ba, irin su etambutol da lebofuloksasin. Bayan ido ya washe, lambobin sun sauko, sai a dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan kwanaki, yawanci a fara da rifamfisin, a bi da isoniyazid, ana duba jini a tsakani, ta haka ake kama mai laifin. Sau da yawa ga wanda ya kai ga shawara akan bar firazinamid gaba ɗaya, a tsawaita jinyar zuwa wata tara. Mutane da yawa da suka shiga wannan hali sun koma kan magani sun warke sarai. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma ki tafi da ɗan abin hannu saboda gwaje-gwajen hanta.

Ƙanen maigidanki ma yana da nasa rabon a wannan bayani. Jin sauƙi a mako biyar ba warkewa ba ne, kuma idan ya kasance cikin masu saurin sarrafawa, to maganin ba ya daɗewa a jininsa, tsallake kwana ɗaya ya fi yi masa illa fiye da kowa. Kasuwa kada ta sa ya manta da ƙwayarsa ta safe kafin karin kumallo, kuma ya kai kakinsa a gwada a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida.

Game da Inna, shawarata ita ce kada ki tunkare ta da gardama, kuma kada ki nuna kin ji abin da ta faɗa wa ƙanwarta. Uwa ce tana kallon ɗanta yana ramewa a gabanta, ta nemi dalili ba ta samu wanda ya gamsar da ita ba, kuma tambayar da ta yi, in an cire zargin, ita ce tambayar da masana suka yi shekaru suna bi. Ki sa ƙanen ya yi mata magana, tunda shi ne shaidar cewa maganin na aiki kuma daga bakinsa ba za ta ji ƙanshin kare kai ba. In akwai baffansu ko wani babba da take jin nauyinsa, a haɗa da shi. Mafi kyau ma a tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita, a kuma bayyana mata cewa ɗibar jini ba allurar magani ba ce, domin na san tsoron da ake yi na yi wa mai shawara allura shi ke hana mutane da yawa zuwa. Abu ɗaya nake roƙonki: ko ranki ya ɓaci, kada ki ce mata ai daga wurinta ya gado. Rabin maganar gaskiya ne, amma ba za ta ji ta a matsayin ilmi ba, za ta ji ta a matsayin ramuwa, kuma wata shida ko tara na jinya suna gabanku da za ki buƙaci hannunta a ciki.

Saura yaran. Tunda maigidanki ya katse magani, ku ɗauka cewa zai iya yaɗa cutar har sai likita ya ce akasin haka. Ya kwana a ɗaki dabam mai tagogi a buɗe ko a rumfar tsakar gida, ya riƙa rufe baki in zai yi tari, ƙaramar kuma kada ta kwana kusa da shi. Ku kai su ukun a duba su, ke ma a duba ki. Yaron da bai kai shekara biyar ba da ke zaune gida ɗaya da mai tarin fuka, in an tabbatar bai kamu ba, ana ba shi maganin rigakafi, kuma akwai isoniyazid a cikinsa. Na san abin da zai zo miki a rai da jin haka. Gaskiya ne kowanne cikinsu ya karɓi kwafi ɗaya daga mahaifinsa, amma ɗayan daga wurinki yake, kuma raunin hanta daga wannan magani ba kasafai yake samun ƙananan yara ba, alhali tarin fuka a jikin 'yar shekara biyu yana iya hawa har ƙwaƙwalwa. Ki karɓi rigakafin, ki gaya wa ma'aikacin abin da ya samu mahaifinsu don ya rubuta a katinsu, ki riƙa duba farin idonsu a hasken rana kamar yadda kika duba nasa. Shi ma maigidan, idan an gano maganin da ya taɓa shi, a rubuta masa sunan a takarda ya adana, ya nuna wa duk likitan da zai duba shi nan gaba. In sakamakon gwajin ya fito kuma akwai abin da ba ki gane ba a cikinsa, ki sake rubuto mini da lambobin ALT da bilirubin da ranar da aka ɗebi jinin.